Kifin da Ejgil Ya Zuba a Tafki

Tafkin da ke bayan tudun yashi, tsakanin ƙauyenmu da teku, a yankinmu na Yutland, yunwa ce ke riƙe da shi, don ruwansa ba shi da abincin da zai ciyar da kifi ko ciyayi. Ruwan sama kaɗai yake sha, ƙasansa yashi zalla, shi ya sa kana tsaye a ciki har gwiwa kana ganin farcen ƙafarka. A irin wannan ruwan ne kawai wata 'yar ciyawar ruwa mai farar fulawa ke yarda ta fito, ta leƙo sama idan zafi ya shigo. Tun ina yarinya nake zuwa ganinta duk shekara.

Yayana Ejgil bai taɓa ganin amfanin tafkin ba. Masunci ne, a wajensa ruwan da babu kifi asara ce. Da shanyewar ɓarin jiki ta raba shi da jirginsa, sai ya koma zaman bakin taga, ko magana sai an roƙa.

Bara na ga ruwan ya fara gurɓacewa. Bana da na shiga, ƙafata ta nutse a taɓo, fulawa ko ɗaya babu. Wani ƙaton kifi ya gogi ƙaurina, irin mai tonon ƙasa da baki. Raina ya ɓaci, don na san mutum ɗaya ne zai yi wannan aika-aikar.

Na same shi a bayan gida yana kyafa kifi.

"Ejgil, kai ka zuba kifayen nan a tafki?"

"Ni ne. Ƙanana na sayo, na kai a bokiti. Tafkin naki yunwa yake ji, Bodil."

"Yunwar ce lafiyarsa, sarkin taurin kai. Sun tumɓuke komai."

"Ciyawa ce fa. Wa ya taɓa ɗora ciyawa a kan burodi?"

Na ce masa doka ta hana, kuma waya ɗaya zan buga wa masu kula da dajin da tafkin ke ciki su zo da komar kamun kifi su kwashe su. Wataƙila fulawar ta dawo.

Bai musa ba. Sai ya ɗaga hannunsa na hagu, wanda muka riga muka fid da rai da shi, ya dunƙule yatsun a hankali.

"Da wannan na jawo kifin nan. Kullum da safe da ƙafata nake zuwa tafkin."

Ya miƙo mini kifin. Warin taɓo yake, ga ƙaya kamar me. Na zauna na ci, ina zaginsa a zuci, wayar tana cikin aljihuna. Har yau ban buga ba.