Keken da Ɗayyabu Ya Kawo

Na bi motar haya zuwa ta'aziyya a Kurmin Kogi, na kwana can. Da na dawo gida, babu kekena a zaure. Wani keken na gani a wurinsa, ja, yana sheƙi, ko ledarsa ba a gama cirewa ba.

Matata Jamila ta ce, "Ɗayyabu ne ya zo daga Kaduna. Ya ce ka sha wahala da tsohon, ga sabo."

"Ina nawa?"

"Ya ba Ladan Hamisu na Dandamisa. Da sunanka ya ba shi."

Ban ɗora mata laifi ba. Ba ita kaɗai ta haife shi ba.

Ni manomin rake ne. A keke nake kai rakena kasuwar Makarfi tun gemuna yana baƙi. Ban taɓa jiran ɗa ya aiko min da na cefane ba, ba kuma zan fara yanzu ba.

Sabon keken birkinsa daban ne. Ba robar da ke kama bakin taya ba ce. Wani faifan ƙarfe ne mai huji-huji a tsakiyar tayar, shi birki ke matsewa. Faifan baya ya kusanci ƙarfen jikin keken sosai, tsinken tsintsiya da ƙyar ya ratsa tsakaninsu.

Ranar kasuwa na ɗaura dami biyu na hau. Ban fita daga unguwa ba ya fara kuka. Ƙii, ƙii, ƙii, duk juyin taya sai faifan ya gogi ƙarfe. Feda ta yi nauyi kamar ina jan jaki mai taurin kai. A bakin rijiya wata mata ta ce, "Malam Ɗan'azumi, amaryar taka kuka take tun da safe?" Sauran suka fashe da dariya. Na sauka na tura shi har Makarfi. Kafin in isa, masu sari sun loda motocinsu sun tafi.

Na kai shi rumfar Ishaya, wanda ya gaji gyaran keke wurin ubansa. Ya kifa keken, ya juya tayar, ya leƙa.

"Baba, ka ga fenti ya riga ya ɓare? Faifan ya yi wa jikin girma. Ba kaya ma da ƙyar yake wucewa, balle ka danna masa rake."

"Gyara shi."

"Sai ƙaramin faifai, ni kuwa ban da shi, ko a Zariya sai an yi sa'a. In na cire shi, ba ka da birkin baya, gangaren rafinku kuma ba ya wasa. In na daki ƙarfen ya lotsa ciki, zai wuce, amma wata rana wurin zai tsage. Ba zan sa hannuna ba. Gaskiya Baba, wannan keken 'yan birni ne masu son rage tumbi."

"Ka ga tumbi a jikina?"

"Ai shi ya sa na ce ba naka ba ne."

Na ce ya kira min Ɗayyabu a wayarsa. Yaron ya fara doguwar gaisuwa, na katse shi. Na gaya masa abin da keken ke yi.

Ya ce, "Baba, ai dama ba don kaya na saya ba. Masallaci da zumunci kawai. Ka bar raken nan haka, mu za mu riƙa..."

Na miƙa wa Ishaya wayarsa. Ashe ba keke aka kawo min ba. Tabarma aka shimfiɗa min in zauna in jira mutuwa.

Washegari na taka zuwa Dandamisa da niyyar karɓo abina. Na tarar da shi jingine da bangon masallaci, an wanke shi, an sa wa sarƙar mai. Ladan Hamisu ya fito, ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki.

"Malam, Allah ya saka da alheri. Ranar Juma'a a gaban jama'a na sa aka yi maka addu'a. Ƙafar nan tawa ta huta. Shekaranjiya a kansa na kai 'yata Rumaisa asibiti."

Maganar tana bakina. Na haɗiye ta. Kyautar da aka yi da sunana, aka shafa mata fatiha, ba zan zama karen da ke komawa ga amansa ba. Na ce, "Ka riƙa duba tayar gaba, tana sace iska." Na juyo.

Na wuce kai tsaye rumfar Ishaya inda na bar jan keken.

"Cire tayar baya."

Ya cire.

"Ba ni guduma."

"Baba, na gaya maka zai tsage."

"Yau?"

"Ba yau ba."

"To ba ni."

Ya ba ni, ya ja da baya. Na duba inda fentin ya ɓare, na ɗora wani guntun ƙarfe a kai, na daka. Na ƙara. Cikin masu shan shayi a gefe wani ya ce, "Sabon keke fa!" Na ƙara dakawa har ƙarfen ya lotsa.

Ishaya ya mayar da tayar ya juya. Shiru. Ya hau kariyar ɗaura kaya ya zauna da duk nauyinsa, na tura. Shiru.

Ya ce, "In Ɗayyabu ya tambaye ni, ba ruwana."

"Ka ce masa ubansa ne. Ka ce masa kuma in ya tsage, a ka zan ɗauko raken."

Kasuwa ta gaba dami uku na ɗaura.