Takardar Lafiyar Auta

Da hannuna na cike takardar nan ranar da na sa Auta a makarantar. Inda aka tambayi ciwo, na rubuta farfaɗiya, da sunan maganinta, da abin da za a yi mata in ta faɗi. Magatakardan makarantar ya ce daga shi sai shugaba za su gani.

Ran Talata ta dawo ta wuce ni ina guga, ta shige ɗaki ko takalmi ba ta cire ba. Yayarta ce ta miƙo min waya. 'Yan ajinsu uku ne a bidiyo: ɗaya ta kwanta ƙasa tana karkarwa, an shafa mata man goge baki wai kumfa, sauran suna kiran sunan 'yata suna ƙyalƙyala dariya. A ƙasa an rubuta, "Ku matsa, ana ɗaukar ciwon."

Shekara biyu rabon Auta da faɗuwa. Ba wanda ya taɓa gani a makarantar.

"Uban wa ya gaya musu?"

"Umma, magatakarda ne ya tura jerin sunaye a zauren iyaye na waya, da shafin lafiya a jiki. Yaran suka gani a wayoyin iyayensu," in ji yayarta.

Washegari na riga mai shara isa ofishin shugaba. Ya saurare ni yana juya biro.

"Kuskure ne, kuma mun goge. Shawarata ki ƙwace wayarta, yaran yanzu..."

"Ba ta da waya, Malam. Ku ne masu waya. Na ba ku amana kun shanya ta a titi, kuma ita za a hukunta?"

"Ki yi haƙuri, ki rage murya."

"Ba zan rage ba! Ka goge daga wayar mutum arba'in? Ka goge daga bakin yaran?"

Na ce ba inda zan je sai ya kira iyaye. Na zauna kan bencin ƙofarsa har aka tashi, duk wanda ya wuce ya tambaya na gaya masa dalili. Da yamma ya sa rana.

A taron, uwar yarinyar da ta kwanta ƙasa ta ce wasan yara ne. Na kunna bidiyon na ɗora a gabanta, na ce ta kalla har ƙarshe. Ta kasa. Aka sa yaran suka ba da haƙuri, aka kulle takardun lafiya a durowa, aka kawo likita ta bayyana wa ajin cewa ba a ɗaukar ciwon.

Auta ta koma makaranta bayan kwana tara. Wadda suke zama benci ɗaya ta riga ta canza wuri, har yau ba ta dawo ba. Ni kuwa duk safiya in shugaba ya gaishe ni a bakin ƙofa, sai na danne fushina kafin in amsa.