Kofin Tatay da Hon ɗin Roba

Tun da ɓarin jikin babanmu, Tatay, ya shanye, magana ta ɗauke masa, ya tsiri jifa da kofi. Da rana ta karkata sai ka ji ƙwal! a jikin bango, kofi ya tarwatse, ruwa ya malale falo. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana jan motar haya, jeepney, daga unguwar Jaro zuwa kasuwa, ga shi yau a keken marasa lafiya, hannu ɗaya kawai ke aiki.

Tiya Consing, yayarsa, ita ke jinyarsa tare da ni. Ta riga ta yanke hukunci.

"Mugun hali ne kawai," in ji ta. "Tun yana ɗan mitsitsi haka ƙanen nan nawa Ambo yake."

Sai ga yayata Manang Luz ta zo hutu daga Cebu, inda take aiki da yara masu galahanga, tana koya musu yadda za su nemi abu ba tare da ihu ko cizo ba. Tana cin batchoy, taliya da romo, Tiya ta zayyana mata komai.

"Tiya, ta yaya kika san mugun hali ne?"

"Ba ga shi yana jifa da kofi ba?"

"To me ya sa yake jifan?"

"Mugun hali mana!"

Manang ta yi dariya har ta ƙware. "Kin ga mun zaga mun dawo inda muka tashi. Suna kika raɗa wa abin, dalilinsa yana nan ba a taɓa shi ba."

"Inday, 'yar nan, kar ki kawo mini boko. Ubanki ne, ba ɗan makarantarku ba."

"Shi ya sa ma. Ba abin da mutum zai yi ta maimaitawa in ba ya samo masa wani abu. Ku ci gaba da yadda kuka saba, ni kallo zan yi."

Ta kuwa zauna ta yi ta kallo. Bayan kwanaki ta ce ta gano: da kofi ya fashe, kowa sai ya rugo kan Tatay. Kaɗaici ne. Ta sa muka riƙa zama da shi da yamma, ni ina matsa masa ƙafa, Tiya tana ba shi labarin waɗanda suka mutu a unguwa. Tatay ya saurara, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kofi ya maka a bango.

Tiya ta tafa hannu, ta kira ni. "Ina ilimin? Toto, zo ka ga likita ta sha ƙasa!"

Na zaci Manang za ta ji kunya. Ko a jikinta.

"Hasashena ne ya faɗi, Tiya, kuma gara da ya faɗi da wuri. Da jifan nan Tatay ya gaya mini ba shi ke nan ba." Ta juyo gare ni. "Toto, in kofi ya fashe, me kake fara yi?"

"In ɗauko tsumma."

"Kafin tsumman."

"In tura shi baranda, kar taya ta taka gilas."

Ta leƙa waje. Barandarmu titi take kallo, kuma lokacin ne jeepney ke jerin gwano, 'yan makaranta sun tashi.

Washegari ta dawo daga kasuwa da hon ɗin roba irin na masu keke, ta ɗaure a hannun kujerarsa, ta canza masa kofi zuwa na roba. Ta kama hannunsa mai lafiya ta matsa, fiit! nan take ta tura shi baranda. Ta dawo da shi, ta sake. Ta ce mana duk wanda ya ji hon ya ajiye abin da yake yi ya fitar da shi. In kuma ya yi jifa, a goge ruwa ba faɗa, a bar keken inda yake.

Tiya ta ɓata rai. "Kamar ana horar da kare. Mutum ba shi da zuciya ke nan? Ba shi da zaɓi?"

"Yana da zuciya, ita ce ma take son titi. Zaɓin ne mu muka rage masa, har ya zama sai ya fasa abu yake ganin waje."

Da farko abin ƙaruwa ya yi. Ya yi jifa da kofi, ya bi da cokali, ya bi da silifas. Na ce mu haƙura. Manang ta ce dama ta san za a yi haka, mu daure. Ran nan ya jefa kofi, keke bai motsa ba. Ya daɗe yana hararar Tiya. Sannan hannunsa ya lallaɓa ya matsa hon. Tiya da kanta ta yar da tsintsiya ta tura shi waje da gudu.

Kafin Manang ta koma Cebu jifa ya zama sai jefi-jefi, daga baya ya ɗauke. Direbobi suka gane Manong Ambo, kamar yadda suke kiran Tatay, na zama a baranda, suka riƙa rage gudu suna ɗaga masa hannu. Wani tsohon abokin aikinsa, Manong Nestor, yakan tsaya da fasinja cike da mota, ya miƙo ledar burodin pandesal ta kan katanga, ya tambaye shi ko zai karɓi tuƙin. Fasinjoji su yi ta ƙorafi, Tatay yana dariya da rabin baki.