Zuƙar Farko a Hanyar Randagi

Duk wanda ya san hanyar Randagi ya san ba a tsayawa a tsakiyar daji ko don fitsari, balle don shan taba. In ka ɗora babur a turbar nan, sai ka hango rumbunan gari kake sauke ƙafa. Shi ya sa Abarshi da Tasi'u, masu saro masara su kawo Birnin Gwari, suka daɗe da raba aiki. Abarshi ne babba, babur nasa ne, shi ke tuƙi. Tasi'u na baya shi ke kunna taba: ya duƙa a bayan Abarshi kada iska ta kashe ashana, ya zuƙa har ta kama, sannan ya miƙa hannu ya sa masa a baki. In ta kai rabi Abarshi ya karkato kai, Tasi'u ya zare ya ƙarasa guntun. Shekara da shekaru haka suke.

To, ga shi Tasi'u ya bar taba.

Ba wa'azi ne ya hana shi ba, wa'azi kam ya sha ya ƙoshi. 'Yarsa Jannatu ce, mai ciwon ƙirji. Da ya ɗauke ta sai tari ya turnuƙe ta, har ta koyi gudunsa, in ya yi sallama sai ta laɓe a bayan uwarta. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Da ya daina, matarsa Zakiyya ta wanke kayansa kaf har hula, ran nan da rana tsaka yarinya ta yi barci a ƙirjinsa, yawunta na jiƙa masa riga. Bai motsa ba har hannunsa ya sage.

Bara ma ya taɓa bari. Zuƙa ɗaya ce ta komar da shi, a kan wannan babur ɗin, da sunan kunna wa Yaya Abarshi. Saboda haka yau da suka kama hanya, karon farko tun da ya daina, ya cika aljihu da kanumfari, yana tauna kamar akuya.

Suna wuce gonakin ƙarshe Abarshi ya ciro kwalin taba ya miƙo baya ko waiwaye babu. Sabo turken wawa, kafin Tasi'u ya yi tunani hannunsa ya karɓa, ya zaro kara ɗaya. Ƙanshin ya daki hancinsa. Bakinsa ya cika da yawu, wata zuciya ta ce masa ai kunnawa ba sha ba ce. Ita ce dai zuciyar bara, ko murya ba ta sake ba.

"Yaya, na bari fa," ya ce da ƙarfi saboda iska.

"Na ji labari, Ustazu. Wa ya ce ka sha? Kunna min kawai."

"Kunnawar ai ita ce shan."

"Kai Tasi'u, kada ka raina min hankali! Hannuna biyu na kan babur, da ƙafa zan kunna?"

Tasi'u ya dubi karan. Wallahi yana so, so irin na mai azumi da ruwan randa. Ya runtse ido, ya soke karan a naɗin hular Abarshi.

"In dole sai na sa ta a bakina, Yaya, sauke ni nan."

Abarshi ya taka birki har suka kusa faɗuwa. Injin ya mutu. Daji ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya tuna duk labarin da ya taɓa ji a kan hanyar nan. Tasi'u ya sauka, ya tsaya a gefen turba.

"Ka haukace ne? A nan?"

"Tsoro nake ji, Yaya, ban ɓoye maka ba. Amma yarinyar nan ta fara zuwa wurina. Ba zan koma gida ta guje ni ba."

Abarshi ya dube shi, ya dubi daji, ya yi tsaki mai tsawo. Babur ɗin nan ko ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya bai taɓa riƙe kansa ba. Sai ga shi ya ja da baya a kan kujera.

"Hau gaba. In ka ƙwarzane min shi, kai da masararka zan sayar."

Suka tashi. Tasi'u ya ji Abarshi ya duƙa a bayansa yana ta kashe ashana yana zagin iska, da ƙyar ta kama. Hayaƙin ya bi baya, ko ɗigo bai zo gaba ba. Can sai ga hannu ya tsallako kafaɗarsa da guntun taba, daidai bakinsa, yadda aka saba rabo. Tasi'u ya datse kanumfari da haƙori, ya kafe ido a kan turba. Hannun ya ɗan jima a nan, sannan ya koma. Ta madubi ya ga Abarshi ya murje guntun a tafin takalminsa.

"Rabin nan naka ne," in ji Abarshi ƙasa-ƙasa. "Ni ban ma san ɗanɗanonsa ba."

Da la'asar suka dawo da buhunansu, Tasi'u ne a gaba har ƙofar gida. Abarshi ya ƙi matsowa kusa da zaure, wai rigarsa na wari. Jannatu ta leƙo, ta tako a hankali, uban ya durƙusa. Ta sa hanci a gemunsa ta shinshina, shi kuma ya riƙe numfashi yana jiran tarin.

Atishawa ta yi, saboda kanumfari. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗaga hannu biyu a ɗauke ta.