Tsallaken Kogi

Gudrun ta sami mahaifinta, Eckhard, inda ta zata, a bakin tsohuwar gadar ƙafa, ya dafe shingen ƙarfen da hukuma ta gitta. Hular aiki a kansa, burodi da cuku a leda, silifas ɗin ɗaki a ƙafa. Gadar kuwa tun ambaliyar da ta cinye ta ba abin da ya saura sai ginshiƙan dutse a tsakiyar ruwa, agwagi na hutawa a kai.

"Baba, ga sanyi, ga yayyafi. Me kake yi a nan?"

"Ke ma kya tambaya! Zan makara. Wane sakarai ne ya rufe hanya?"

Kamfanin takardar da yake nufi an mai da shi gidajen haya tun Gudrun tana budurwa. Sau nawa ta faɗa masa? Har bakinta ya gaji. Makon jiya ma 'yan sanda ne suka ciro shi, ƙafa ɗaya ta riga ta haye shingen. Shi ya sa ta sa hannu a takardun kai shi gidan kula da tsofaffi, kuma yau ce ranar. Gidan kula da tsofaffin yana tsallake, akwatinsa na cikin mota.

Ta yi niyyar gaya masa gaskiya, wallahi ta yi. Amma Eckhard mutum ne da ko asibiti sai an yi dambe da shi.

"Zo in kai ka a mota, ta sabuwar gada."

"Aikin?"

"Aikin."

Ya shiga ba musu, har da gyara hula. Wannan saurin yardar ya fi komai ci mata rai. Da ma zaginta ya yi. A kan sabuwar gadar ya leƙa ta taga, ya ja tsaki.

"Dubi zagaye! Da ƙafa da tuni na isa. Ku yaran yanzu, ragwaye."

Wata ma'aikaciya ta tarbe su a ƙofa, ta karɓi akwatin. Eckhard ya miƙa mata hannu kamar sabon ma'aikaci, sannan ya juyo.

"To, koma gida, kada ki tsaya wasa a hanya. Ki ce wa uwarki ta ajiye min miyar dankali, da an tashi zan dawo."

Uwar da ciyawa ta daɗe da rufe kabarinta. Gudrun ta gyara masa wuyan riga.

"To, Baba. Zan faɗa mata."