Awon Idon Inna Rabi

Maimuna ta tallafe ƙeyar mahaifiyarta don kada haɓarta ta zame daga kan na'urar.

"Mama, kalli ɗan jan hasken nan, kada ki ƙyafta," in ji likitan.

Cutar yana ce ta lulluɓe wa Inna Rabi ido, mutum sai dai ta ga inuwarsa. Tun daga rugarsu ta bayan Doguwa Maimuna ta ɗauko ta a bayan a-kori-kura, da ta ji an kawo sabuwar na'ura Kano mai auna tsawon ido da haske. Shi ido har wani tsawo gare shi? Ba ta tambaya ba. Ita burinta ɗaya, Inna ta ga fuskarta. Shekara da shekaru ita ke dama mata fura, ita ke kai ta bayan gida, amma rabon Inna da ganinta sosai tun kafin ta yi haihuwar fari.

Idon hagu yanar ta yi kauri, haske ya kasa ratsawa. Na dama ya aunu.

"Da awon nan za mu zaɓi gilashin da za mu dasa a idon," in ji likitan. "Sai dai ɗaya za ki ɗauka, ganin kusa ko ganin nesa. Ɗayan sai da tabarau."

Tabarau kuwa, Maimuna ta san Inna ba za ta rataya ba ko sama da ƙasa za su haɗu.

"Na kusa, likita," ta yi saurin cewa. "Ta ga ƙwaryarta, ta ga jikokinta."

Inna ta ɗaga hannu. "Yaro, nesan nan, zai kai daga bakin ruga zuwa burtali?"

"Har ya wuce, Mama."

Ta wannan burtali Hamman, ƙanin Maimuna, ya kora shanu kudu, damina ta bi damina, ba shi ba saƙonsa. Kullum la'asar Inna na zaune tana fuskantar wajen, da ido ko babu.

"Shi za ka sa mini," in ji Inna.

Likitan ya dubi Maimuna. Ta gyaɗa kai.

A baranda Inna ta laluba ta kama tsintsiyar hannunta.

"Kada ki ji haushina, Maimuna. Ke ai ina jin hannunki."

Maimuna ta goge ido da gefen mayafi, a hankali, don kada tsohuwar ta ji.

"Ga matakala, Inna. Ɗaga ƙafa."