Turakun Tungar Ma'u

Zainabu tana dawowa daga gonar shinkafa ta tarar an kakkafa jajayen turaku a bayan gari, daga gindin giginyu har bakin fadama. Ta tambayi mata a rijiya, suka ce mutanen wani furoje ne, wato shirin raya karkara, za su gina ganuwar tare ruwa, kuma nan za ta bi. Ta tsaya ta duba da kyau. Ke nan an bar garinsu, Tungar Ma'u, a waje, tsakanin ganuwa da gulbi.

Ko kaya ba ta sauke ba ta wuce gidan ƙanenta Hamani, maigari. Ya yi ta kame-kame kafin ya ce a taswirar mutanen an rubuta wurin sansanin masunta ne, masu zuwa da rani su tashi da damina. Wai za a ba su fili a tudu. Ya riga ya dangwala yatsa a takardar.

"Kakanka Ma'u yana kwance can ƙarƙashin tsamiya, kai kuma ka yarda baƙi ne mu?" Abin da ta ce da shi ke nan, ta fita.

Da hannunta ta tuttumɓuke turakun, ta ɗaure su kamar itacen girki. Ran da motar furoje ta dawo daga Gaya, Zainabu ta zube su gaban Muhyiddeen, wanda ya yi awon. Ya soma yi mata bayanin hoton da aka ɗauka daga sama, ta katse shi, ta ce ya biyo ta da ƙafarsa.

Ta kai shi gaɓa ta sa ya taka marmara, dutsen da Ma'u ya zaɓa sa'ad da ya gangaro daga Kabi da jirage biyu, tun babu gadar Malanbil. Ta nuna masa tsohuwar hanyar gulbi a bayan gari, inda uwarta ta yi wanki tana budurwa, yanzu ta zama fadama. Ta ce ruwa bai taɓa shigo musu ta gaba ba. Duk shekarar ambaliya ta wannan tsohuwar hanya yake zagayowa, ya ci gonaki ya bar gidaje. In suka toshe can, sun juyo shi kan mutane.

Muhyiddeen ya yi ta rubutu, yana sharce gumi. Ya ce shi ba shi da ikon sauya komi, sai manya sun gani.

"To, ka gaya wa manyan su zo su taka," in ji ta.

Wata huɗu ba labari. Hamani ya aiko matarsa sau biyu da ban haƙuri, Zainabu ta karɓi gaisuwa ta ƙi maganar. Bayan girbi aka dawo da sabon awo. Ganuwa ta zagaye gari da maƙabarta, amma ta ratsa tsakiyar gonar Zainabu, ta cinye fiye da rabi. Ba wanda ya zo ya faɗa mata, sai ganin katafila ta yi.

Ran buɗe ganuwa aka kafa rumfa, aka yi jawabai, aka yaba wa maigari da hangen nesa. Basira, 'yar Zainabu, ta zo ta ce mata a zo a tafi wurin taron. Zainabu ta ce iri bai jiran jawabi, ta ɗauki kwandonta ta nufi ɗan abin da ya rage na gonar.